Shafin da Baba Ya Bar Mini

Na sauka a Alƙahira da wata takarda guda ɗaya wadda ta fi fasfona daraja a wurina. Shafin Fatiha ne, rubutun hannun mahaifina.

Baba marubucin Alƙur'ani ne a Zariya. Tun kafin a haife ni yake wannan aiki a zaurenmu, takarda a kan gwiwa, alƙalamin kara a hannu, baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja. Alƙur'anin hannu irin namu ba a ɗinke shi, warƙa-warƙa yake, a jera a sa a gafaka. Al'adar Baba ce ya bar Fatiha sai ƙarshe, wai a lokacin ne hannu ya gama nuna. In ya rubuta ta, sai ya yi mata zayyana a ƙasa, wannan adon mai kusurwoyi da da'ira da ake yi da ja da kore da ruwan ɗorawa. Ni ce mai dama masa launi tun ina yarinya. Ba wanda ya sa ni. Yayyena maza ƙwallo ta ɗauke musu hankali, ni kuwa Allah ya yi ni da sa ido da shisshigi.

A shekarar da na samu gurbin karatun Shari'a a Masar hannun Baba ya fara rawa. Ya lallaɓa ya kammala Alƙur'anin da yake kai, ya rubuta Fatiha da ƙyar, amma zayyana tana son layi miƙaƙƙe, ya gwada a wata takardar banza ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Ana gobe zan tafi ya kira ni, ya zaro warƙar daga gafaka. Rabinta na ƙasa fari fat.

Ya ce, "Ungo. An ce Masarawa sun iya ado. Ki je ki gani, ki cike mini wannan."

Na ce, "Baba, ni? Ni da ko kwalli na ɗauka sai na ɓarar?"

"Na san halinki sarai. Shi ya sa nake gaya miki babu ta biyu. In kika ɓata ta, Alƙur'anin nan haka zai zauna ba Fatiha, don hannuna ya yi mini sallama."

Na sa ta tsakanin kwali biyu, na naɗe da ɗankwali, na rungume ta a jirgi kamar jaririya. Watannin farko a ƙasan akwati ta kwana, ni kuma ina fama da Larabcin titi wanda bai yi kama da na littafi ba ko kaɗan. Amma a raina na riga na yanke shawara. Ja da kore da ruwan ɗorawa ai muna da su a gida. Idan har takarda ta ƙetare hamada ta zo Masar, to zinariya za ta koma da ita.

Na je kasuwar Ataba na sayo wani ruwan gwal a kwalba, ina ta murna. Da na shafa a takardar gwaji ya bushe, sai ya koma kalar tsohuwar tasa. Na yi tsaki na jefa shi a kwandon shara. Bayan wasu makonni ƙungiyar ɗalibanmu ta kai mu gidan tarihi, a nan na ga Alƙur'anan zamanin sarakunan da, manya-manya, a cikin gilashi. Jama'a, gani ya kori ji! Zinariyar da ke jikinsu ta yi ɗaruruwan shekaru, amma in ka matsa kai kaɗan sai ta walƙo maka kamar jiya aka sa. 'Yan'uwana sun zagaye ɗakuna sun gama, ni ina tsaye wuri ɗaya, hancina manne da gilashi, har mai gadi ya yi mini gyaran murya.

Na koma Ataba da hoton a waya na nuna wa wani dattijo mai sayar da buroshi. Ya yi dariya ya ce wannan ai ba fenti ba ne, ganyen zinariya ne na gaske, kuma mace ɗaya ya sani da har yanzu take aiki da shi yadda mutanen da suke yi. Ya kwatanta mini wani tsohon bene a Wustul Balad, wato tsakiyar birnin. Ya ƙara da cewa Bakibɗiya ce, wato Kiristar Masar, aikinta gyaran tsofaffin zane-zanen coci.

Abokiyar ɗakina 'yar Sakkwato ce, ta riga ni zuwa da shekara guda, saboda haka tana ganin kanta uwar ɗakina. Da na gaya mata sai ta dafe ƙirji.

"Ke! An turo ki karatun Shari'a, za ki ɓige a shagon zanen coci?"

Na ce, "Sana'a zan koyo, ba aƙida ba. Yalla, tashi ki raka ni."

"Ni? Khalas, shi ke nan, ke kika sani. In an tambaye ni, ban san inda kika tafi ba."

Ni kaɗai na tafi. Benen yana da irin tsohuwar na'urar hawan nan mai kama da keji, wadda ina jin rabonta da motsi tun kafin a haife ni, don haka da ƙafa na hau ina haki. Wata gajeriyar tsohuwa mai ƙiba ta buɗe ƙofa, furfura fari tas, tabarau rataye a wuya. Ta dubi hijabina daga sama har ƙasa ta ce, "Likitan haƙori yana hawa na ƙasa, ya binti," wato 'yata.

Na ce haƙorana lafiyarsu ƙalau, zinariya na zo koyo. Na kwance ɗankwalin na buɗe kwalin. Abin da ta yi a lokacin shi ya sa ta shiga raina. Maimakon ta miƙo hannu, sai ta mai da hannuwanta biyu baya ta harɗe su.

"Wannan littafinku ne. Na san ba a taɓa shi sai da tsarki. Riƙe mini shi a haske."

Ta daɗe tana kallo. Ta ce ba ta taɓa ganin rubutun Larabci mai kauri haka ba, kamar kowane harafi ya ci ya ƙoshi. Ta tambayi wanda ya rubuta, na ba ta labari duka. Ta ce, "To, ki niƙa mini launi, in koya miki zinariya. Amma wannan takarda kada ki sake kawo ta nan sai ranar da na ce." Daga ranar na riƙa kiranta Tant, yadda 'yan matan Masar ke kiran sa'o'in iyayensu.

Duk ranar da ba ni da lacca sai in shiga jirgin ƙasa na metro in nufi Wustul Balad, zuciyata tana gabana. Ɗakin Tant yana warin manne da ƙwai da gahawa. Alluna na katako jingine ko'ina, fuskoki masu manyan idanu suna kallon mutum. Da farko nakan kau da kai, daga baya na saba, na koma kallon yadda aka yi su. Tant ta yi karatu a Italiya tana budurwa, kuma ba ta iya koyar da abu ba tare da ta ba da tarihinsa ba. Bakinta ba ya shiru, nawa ma haka, muka dace.

Abin da ya fara kashe ni da mamaki ƙwai ne. Ta fasa ƙwai, ta raba farin, ta mirgina gwaiduwar a tafin hannu har ta tsane, sannan ta tsokane ta da allura ta tsiyaye ruwan cikin a kofi ta yar da fatar. Ta zuba garin launin da na niƙa ta dama. Ta ce sunansa tamfera, kuma da shi masu zanen Turai suka yi aiki shekaru aru-aru kafin su koma fentin mai, da shi kuma aka yi duk allunan da ke ɗakin. Na ce, "Tant, ƙwan da muke soyawa da safe?" Ta ce shi fa, kuma in ya bushe ya fi ni da ita tsawon rai. Yana bushewa nan take, don haka ba a shafa shi a goge. Layi-layi ake jera shi, siriri a kan siriri, har inuwa ta fito. Ranar na koma ɗaki na fasa ƙwai biyun da 'yar Sakkwato ta ajiye don karin kumallo. Ba ta yi mini magana ba sai da yamma.

Akwai wani shuɗin dutse da take ɓoyewa a gwangwani, ta ce daga duwatsun Afghanistan ake kawo shi, kuma a da yakan yi gogayya da zinariya wajen tsada, shi ya sa ba a ɓarnatar da shi sai a rigar wanda ya fi kowa daraja a cikin zane. Ta ba ni labarin wani salon kuma, firesko, inda ake shafe bango da ɗanyar farar ƙasa a zana kafin ta bushe, launin ya shige cikin bangon ya zama jikinsa. Mai zanen ba ya shafe fiye da abin da zai iya gamawa a wuni. Na yi tsalle na ce ai na san wannan tseren! Maginan garinmu ma tun yaɓe yana ɗanye suke fitar da adon bango, in ya bushe an gama magana. Ta sa na nemo mata hotunan gidajen birnin Zariya a waya, ta sa tabarau tana ta "Allah, Allah," irin na Masarawa.

Wata rana ta jawo ni baranda ta ce in dubi titi. Ta ce in lura da yadda rufin benaye na dama da na hagu da layin bakin titi duk suke tsukewa suna nufar ɗigo ɗaya can nesa. Ta ce masu zanen da can ba ruwansu da wannan, wanda ya fi girman matsayi shi ake zanawa ƙato ko da yana baya. Sai daga baya na Italiya suka kafa ɗigon nan a allo suka riƙa jan layuka zuwa gare shi, shimfiɗaɗɗen katako ya koma kamar ɗaki mai zurfi da za ka iya shiga. Wallahi sati guda na yi ina tafiya a Alƙahira kamar taɓaɓɓiya, ina tsayawa tsakiyar hanya ina neman ɗigo. A tashar metro na same shi, a farfajiyar masallaci na same shi tsakanin ginshiƙai. Saura kaɗan wani mai tuk-tuk, wato keke napep ɗinsu, ya kwashe ni.

Sai da na yi wata da watanni ina niƙa da damawa kafin ta buɗe mini zinariya. Ranar ta rufe tagogi, ta kashe fanka, ga zafin Alƙahira kamar a tanda. Ta ɗauko wani ɗan littafi mai siraran takardu, tsakanin kowace biyu akwai ganyen zinariya mai faɗin tafin hannu. Na sa yatsa don in ji, sai kawai ya narke a fatata ya ɓace. Ta buge mini hannu. Ta ce ba a taɓa shi, ba a tari kusa da shi, in za a yi magana ma a juya fuska. Da wani faffaɗan buroshi mai laushi ake ɗaga shi, bayan an ɗan goga buroshin a kumatu ya ɗebi maiƙo.

Zinariya ba ta kama takarda haka kawai, sai an yi mata shimfiɗa. Ana haɗa farin alli da manne da ɗan zuma da jar ƙasa, Tant tana kiransa jeso. A ɗiga shi a inda ake so ya yi tudu, a bari ya bushe, a kankare ya yi sumul. Sannan sai abin da ya fi komai ba ni sha'awa: numfashi. Mutum zai sunkuya ya huci jeson da ɗumin cikinsa, "haaa," yadda ake yi wa madubi kafin a goge. Laimar numfashin ita ke tayar da zumar da mannen, su yi danƙo na ɗan lokaci, a nan ne za a yi maza a ɗora ganyen a danna.

"Daga ciki, ya binti, daga ciki! Ba kunu kike fifitawa ba."

In ya kama, sai a goge shi da wani lanƙwasasshen dutse mai santsi har ya yi sheƙi. Ta ce mutanen da da haƙorin kare suke gogewa. Na saki dutsen a tebur na yi baya ina a'uziyya. Ta yi dariya har da hawaye, ta rantse mini nata aƙiƙ ne, siffar haƙorin kawai ya gada. Duk da haka sai da na wanke shi.

Na ɓata ganye ba adadi. Wani ya nannaɗe, wani ya yage, wani ya manne a hancina. Amma ranar da na goge wata 'yar da'ira a takardar gwaji na ga ƙwayar idona a cikinta, ihu na yi har maƙwabta suka leƙo. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Na sauko benen a guje, na kira Baba tun ina bakin titi, motoci suna ta ham, ina ta zuba masa labarin ƙwai da zuma da haƙorin kare. Ya saurara har na gama ya ce, "To, ni dai Shari'a na tura ki ki karanta, ashe tuya kika je koyo." Amma na ji murmushi a muryarsa.

Daga ƙarshe Tant ta ce in kawo takardar. Na zana zayyanar da fensir a hankali, irin ta Baba sak, murabba'i mai ƙulli a kusurwoyi da da'ira a tsakiya. Na ɗiga jeso a da'irar da layukan gefe, muka bar shi ya bushe. Ƙa'idar aikin ita ce zinariya ake fara sawa kafin launi, don in launi ya riga ta, za ta manne masa.

Ranar sa zinariyar na yi alwala tun daga ɗaki, na sake wata a banɗakin Tant don kada a samu matsala. An rufe tagogi, an kashe fanka. Tant ta tsaya gefe, hannuwa a baya kamar kullum in takardar tana waje. Na sunkuya na huci jeson. Tsoron kada ya ƙi kamawa ya sa na ƙara, na sake ƙarawa, dogon numfashi har sai da na ji jiri, takardar kuwa ƙarama ce, ɗumin ya bi ta ko'ina. Na ɗaga ganyen a bakin buroshi. 

Mu a gidanmu ba a shiga abu mai muhimmanci sai da tofi. Biron jarrabawa, akwatin tafiya, goshin yaro mai zazzaɓi, sai an karanta addu'a an tofa. A takardun gwaji ban taɓa yi ba, don ban ɗauke su komai ba. Amma yau ga rubutun Baba a gabana ga hannu yana rawa. Ban yi shawara da kaina ba, sabo turken wawa. Leɓena ya motsa da addu'a, na juya kan hannun da ke riƙe da buroshin na yi "tuf, tuf, tuf."

Ganyen ya tashi. Na gan shi da idona yana lilo a iska, ya wuce zayyanar, ya haura sama, ya sauka shimfiɗe a kan layin farko. Bisimillar Baba ta ɓace ƙarƙashinsa.

Na ce, "Innalillahi!" na kai hannu.

"Kada ki taɓa!" Ban taɓa jin Tant ta yi tsawa haka ba. Jikinta duka ya yo gaba, amma hannuwanta suna nan a baya. "Ja da baya. Zauna. Ki bari laimar ta fita tukuna."

Na zauna a ƙasa na fashe da kuka, irin kukan da rabona da shi tun ina firamare. Muryar Baba kawai nake ji, babu ta biyu. Tant ba ta rarrashe ni ba. Da ta ga na lafa sai ta tambaye ni abin da na yi wa hannuna, na bayyana mata tofi cikin shessheƙa. Ta girgiza kai ta ce shekarunta da yawa tana koyar da mutane, ta ga mai atishawa, ta ga mai dariya, amma ba ta taɓa ganin wanda ya kori zinariya da addu'a ba.

Bayan wani lokaci ta nuna mini wani buroshi mai laushi da haɓa ta ce in share a hankali. Na share. Zinariyar ta tashi daga farar takarda kamar ƙura, na fara hamdala. Sai na ga a kan haruffan ba ta tashi ba. Ta manne nan da can, dabbare-dabbare, rabin harafi baƙi rabi gwal, abin ba kyan gani. 

Tant ta sunkuya da tabarau ta ce, "Me mahaifinki yake zubawa a tawadarsa?"

Na ce ƙaro, kuma yana cika shi don rubutu ya yi sheƙi. Ban san sunansa da Larabci ba, na kwatanta mata danƙon da ke fita a jikin itacen ƙaya.

Ta buga ƙafa a ƙasa. "Samgh! Shi ne! Numfashinki ya tayar da shi." Ta ɗauko wata kwalba daga kantar ɗakin, sai ga ƙaro irin na kasuwarmu sak. Ta ce tun zamanin da daga ƙasashenmu na kudu da hamada ake kawo shi, ya bi ta tashoshin Larabawa ya shiga Turai, masu ƙawata littattafai suna dama launi da shi, kuma akan yi rubutu da ruwansa a huce shi a ɗora zinariya. Ko a cikin wannan tashin hankali sai da abin ya burge ni.

Ta ce hanya biyu ce. Ko in kankare zinariyar da wuƙa, wanda da wuya tawadar ba ta biyo ta ba. Ko kuma in ci gaba, in bi Bisimillar duka da ruwan ƙaro harafi-harafi, in mai da ita zinariya gaba ɗaya. Amma tawadar tana narkewa da ruwa, saboda haka shafa ɗaya tak kowane wuri, ba komawa. "Ni ba zan iya taɓa miki ba, kin sani. Ke za ki zaɓa, ke za ki yi."

Na sha ruwa, na wanke fuska, na zaɓi ta biyu. Ta ba ni buroshi mafi siranta a ɗakin. Na sa bakinsa a kan harafin farko na fara bin sawun Baba.

A nan ne na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon watannin da takardar take hannuna. Daga nesa rubutun lafiya lau yake. Amma da na bi shi da bakin buroshi, sai na ji rawar hannunsa a nawa hannun. Haƙoran harafin sin ba su daidaita ba. Dogon jan da ke bayansu yana da ƙananan gargada, da wani wuri da ya tsaya ya huta, tawada ta taru, sannan ya ci gaba. Wani mimi ya karkace. Idona ya sake cikowa. Na ce, "Tant, bari in ɗan miƙar masa da wannan, ba wanda zai sani."

Ta ce, "A'a. Mai gyara ba ya gyara hannun mai aiki. Inda ya karkace, karkace da shi."

Haka na bi shi, gargada da duka. Na bari ya bushe, na huce shi a hankali, wannan karon baki a buɗe, addu'ar kuma a zuci. Na ɗora ganye, na danna, na share. Bisimilla ta fito cikakkiya, zinariya tun daga farko har ƙarshe, a saman baƙaƙen layukan Fatiha. Tant ta saki hannuwanta ta rungume ni, muka yi ta tsalle a ɗakin nan mai zafi kamar yara, tana "Tamam! Tamam!" wato ya yi daidai. Zayyanar kuwa ba ta ba ni wahala ba. Na sa mata gwal a da'ira, na cike sauran da ja da kore da ruwan ɗorawa, Tant ta buɗe gwangwaninta ta ba ni ɗan shuɗin dutsen nan na sa a kusurwoyi.

Da dogon hutu na tafi gida. Duk hanya ina tsara yadda zan yi wa Baba bayani, don zayyana ya sa ni, bai ce in rufe masa rubutu ba. Washegari da hantsi na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa warƙar da hannu biyu. Ya laluba kafin ya kama ta. Ya riƙe ta a juye, ƙasa a sama, yana gyaɗa kai yana cewa, "Madalla, madalla."

 Na dubi idanunsa da kyau, sai na ga yanar ido ta rufe su, fari-fari. Ashe tun bara abin ya yi ƙarfi, ya hana kowa gaya mini don kada karatuna ya taɓu. Na sa hannu na juya masa takardar daidai.

Ya ce in kama shi zuwa bakin ƙofa inda rana take. Muka zauna a dokin ƙofar. Ya ɗaga takardar ya karkata ta, sai haske ya faɗa kan layin farko. Na ga jikinsa ya tsaya cak. Ya matso da ita dab da fuska, ya sake karkatawa, leɓensa ya fara motsi.

"Wa ya rubuta wannan na saman?"

"Kai ne, Baba. Ni bin sawu kawai na yi." Na kwashe labarin tofin na gaya masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce lallai 'yar gidan nan ce ni.

Ya koma kan takardar. Can ya ce, "Wannan mimin ya karkace. Ba ki gyara ba."

"An hana ni."

"Wanda ya hana ki ya san aiki." Ya share ido da bakin rawaninsa. "Sauran duk hazo nake gani, zayyanar taki ma sai dai a ba ni labari. Amma wannan layin ina ganinsa. Na ɗauka ni da rubutuna sai a lahira."

Na ce in kawo gafaka a mai da ita wurinta? Ya ce in bari tukuna. Aka kawo masa koko ya huce bai sha ba. Da inuwa ta fara cin dokin ƙofar, sai ya matsa waje kaɗan inda sauran rana take, ya sake karkata takardar.